Takardar da Ke Ƙasan Kwalla

Tun ranar da mutumin nan ya ce mini Hajiya na san akwai abin da yake nema. Ko filin jirgi ban taɓa zuwa ba, balle Makka. Shi ne mai koya wa yaran unguwarmu ƙwallo a filin bayan lakwal, makarantar bokon nan unguwar Zariya, suna ce masa antirena. Ya yi sallama da la'asar, maigidan yana kasuwa. Wai daga fili yake, amma farin takalminsa ko ƙura babu.

Ya ce ɗana na fari yana da ƙafa. Za a zo daga Yamai a zaɓi yara 'yan ƙasa da shekara sha bakwai, kuma wanda aka ɗauka ya kama hanya kenan, wataƙila har ƙasar waje. Na ce masa yaron nan ya wuce wurin, da kakar bana zai cika sha takwas. Ban yi nisa a lakwal ba, amma wannan ba ya ɓace mini. Ana yankan gero na haife shi.

"Hajiya, shekaru ai a takarda suke," in ji shi, yana murmushi. "Ba akwai ta ƙanensa ba?"

A Zariya kowa ya san masu bi masa mata ne. Amma akwai namiji a tsakani, wanda na haifa muna zaune Jiratawa. Shekararsa biyu masassara ta ɗauke shi, tsakiyar damina. An yi masa takardar haihuwa a mairi, ofishin magajin gari, amma da ya rasu ba wanda ya koma ya faɗa. Wa ke tuna ofis a rana irin wannan? Saboda haka a wurin gwamnati yana nan da ransa, yana neman sha shida.

Na ce wa antirena zan yi shawara. Yana fita na shiga tambayar kaina: wa ya gaya masa?

Maigidan na fara zargi. Da ya dawo na ajiye masa tuwo, na ce, "Malam, yau mun yi baƙo mai farin takalmi." Na tsare fuskarsa da ido. Ya ce, "Mai tallan magani ne?" ya ci gaba da cin tuwonsa. Shi in yana ɓoye abu kunnensa yake sosawa. Bai sosa ba.

Na koma kan ƙanen maigidan, ɗan kabu-kabu, wanda bakinsa ya fi babur ɗinsa gudu. Na sa ya kai ni Tibiri wurin yayata, ina jan shi da hira a hanya, ita ma da na isa na ja ta. Ba wanda ya yi tuntuɓe. Yayata ma cewa ta yi, "Ke dai da zargi kamar kaza mai 'ya'ya. Sha fura ki huta." Na dawo da kunyar abin da na ɗora musu a zuciya.

Takardar tana ƙasan babbar kwalla ta jeren aurena, tare da katin rigakafinsa da 'yar hular da na saƙa masa. Kullum furen murfin bango yake kallo, haka nake rufe ta. Ran Laraba na tarar yana kallon ƙofa. Na buɗe. Takardar tana nan, sai dai ni uku nake ninka ta, na same ta a ninke huɗu.

Daga nan idona ya buɗe. Na ga ɗana ya tsiri zama bayan randa da reza kowace safiya, yana kankare haɓar da bai daɗe da fara alfahari da ita ba. Na tuna makon da ya wuce ya tambaye ni, kamar da wasa, ko a wane wata aka haifi marigayin.

Na bari 'yan matan suka tafi lakwal. Yana ɗaura takalmin ƙwallo a tsakar gida na fito da takardar.

"Kai."

"Na'am, Inna."

"Kai ka taɓa mini kwalla?"

Ya daɗe yana jan igiyar takalmi. Sannan ya ce, "Inna, kowa haka yake yi. Ɗan mai naman can, gemunsa ya fi na Baba, sha shida yake bugawa."

Na ce, "An ce ana ɗaukar hoton ƙashin hannu a gane shekaru."

"Antirena ya ce ƙashina ƙanana ne, zan wuce. In na rasa wannan shi kenan, sai kabu-kabu." Ya ɗago, idonsa ya yi ja. "Shi fa ba ya buƙatarta, Inna."

Maganar ta soke ni, don ba ƙarya ya yi ba. Kuma na san yadda yaron nan yake son ƙwallo. Tun yana ƙunsa tsumma a leda yana bugawa nake wanke masa gyambo.

Na ajiye takardar a kan turmi, na danne da dutse. Na ce, "Kai ɗan fari ne, tun da na haife ka bakina bai taɓa kiran sunanka ba. Amma na san shi, ina jin daɗi in an kira. In ka ɗauki wannan, da sunan da ke ciki za a kira ka a fili, da shi za a faɗe ka a rediyo ina zaune ina ji. Bari in fara kira. In ka iya amsawa, ɗauka."

Na kira sunan. Rabona da shi tun ranar da aka fita da shi a tabarma. Ya fito da ƙarfi, irin kiran da nake yi masa in ya rarrafa wajen murhu.

Ɗana bai amsa ba. Na sake kira. Ya dubi turmi, ya dubi ƙasa, leɓensa yana motsi, ba abin da ya fito. Can ya kwance takalmin, ya rataye su a wuya, ya fita ƙafa ba takalmi.

Mutanen Yamai sun zo sun tafi da waɗanda suka zaɓa, har da ɗan mai nama. Antirena ya daina ce mini Hajiya, ko gaisuwa sai ya ga dama. Ɗana yana bugawa da manya yanzu a Sabon Gari, ran Lahadi, da sunansa. Yana gaishe ni, yana cin abincina, amma hirar da muke yi da can ba ta dawo ba tukuna.

An ce za su sake zuwa baɗi. Kowace safiya, kafin in hura wuta, ina duba furen murfin.