Rariyar Katangar Iya Tabawa

Wata ranar Laraba ce cikin bazara, shekarar da ƙyanda ta shigo ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure, ina ɗan shekara uku da 'yan watanni. Muna zaune a ƙofar gidan maƙwabtanmu ni da abokina Sale, muna tuƙa tuwon ƙasa a gwangwanin madara, ruɓaɓɓen tumatir ne miyarmu. Ban ankara ba sai na ji an fizge ni ta hannu ɗaya an yi sama da ni. Iya Tabawa ce, uwar Sale. Ta dire ni a ƙofar gidanmu kamar kwandon da ya fashe, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji: "Ku riƙe ɗan wabinku a gida! Ya tura 'yan'uwansa lahira, yanzu namu yake nema." Yawancin labarin wancan lokacin a bakin Inna na ji shi, amma zafin kafaɗata da gwangwanin da na baro a can, waɗannan ni na riƙe su da kaina.

Inna ta yi ta haihuwa kafin ni, babu wanda ya kai yaye, bayana kuma ba ta sake samu ba. Mace irinta ita ake kira mai wabi. Da aka haife ni sai kakata ta kai ni kan juji ta ajiye na ɗan lokaci, wai don mutuwa ta raina ni ta wuce, daga nan sunan Ajuji ya bi ni. Kafin ƙyanda, sunan abin tsokana ne kawai. Amma da yara suka fara kwanciya da zazzaɓi da ƙuraje, sai matan layinmu suka tuna cewa wai ɗan wabi ba ya son tafiya shi kaɗai. In na doshi gindin darbejiyar da ake wasa, sai kowace ta suri ɗanta ta yi ciki. Abin da ke ƙona mini rai har gobe shi ne, malaman asibiti sun zo da allurar rigakafi, matan nan suka ɓoye 'ya'yansu a ƙuryar ɗaki, wasu har cikin rumbu. Inna ce ta miƙa ni aka yi mini. Maganin suka guje wa, ni kuma suka kora.

Daga nan Inna ta hana ni leƙa ko zaure. In kukana ya ishe ta, sai Baba ya ɗora ni a keke zuwa gonarsa ta noman rani, ya zaunar da ni a rumfar kara, shi kuma ya shiga karkato ruwan kanal zuwa fangalin albasa da tumatir. A nan na koyi gina shanun laka. Nakan jera su a bakin ruwa in raɗa musu sunayen yaran layinmu, babban bijimin shi ne Sale, in yi ta ba su labari suna bushewa a rana. Da yamma in mun dawo gida, akwai rariya a gindin katangar da ta raba mu da gidan su Sale, inda ruwan wanke-wanke ke bi. Nakan kwanta rub da ciki a wurin ina kallon ƙafafunsa suna wucewa. Rannan na zura hannu da saniyar laka, ya karɓa, har na ji dariyarsa. Washegari na tarar Iya Tabawa ta toshe rariyar da dutse da ɗanyar ƙasa.

Ƙyanda ta ɗauki waɗanda ta ɗauka duk da ina kulle. Sale ya kwanta ya tashi. Babu wadda ta tako gidanmu ta ce wa Inna ta yi haƙuri, kuma babu wanda ya janye maganar. Lokacin da aka sa ni a firamare ban san yadda ake shiga wasa ba. Yara na langa, ni ina jingine da bango ina kallo, har wani malami ya taɓa tambaya, "Wai yaron nan bebe ne?" Ba bebe ba ne ni, an dai raba ni da abokan magana ne a daidai lokacin da baki ke buɗewa. Har yau a wurin ɗaurin aure gefe nake zama. Ni da Sale mun girma katanga ɗaya, ya gaji gidansu na gaji namu, amma gaisuwarmu ba ta wuce ta ƙofar masallaci.

Sai ga korona. A azumin shekarar kulle, 'yata Ummi, mai sunan Inna, tana da shekara biyu da rabi, ita ma tilo. Wannan karon ni na rufe ƙofa da hannuna, kuma da dalili, don cutar gaskiya ce, muna jin labarin rashe-rashe daga birni. Amma ina kallo 'yan kalmomin da ta fara haɗawa suka soma ƙafewa. Ta koma hira da kaji, in ta ji baƙuwar murya sai ta shige zanen uwarta. Na gane alamar sarai, tsoro ya kama ni kada in tashi da wata Ajuji a gidana.

Wata rana bayan la'asar na dawo daga gona na same ta rub da ciki a gindin katanga. Damina ta daɗe da cinye toshiyar Iya Tabawa. Hannun Ummi na cikin rariyar har kafaɗa, tana tura ɗanyen tumatir, daga can kuma ɗan autan Sale na turo mata murfin kwalba, bakinta sai zuba yake da surutun da rabona da jin irinsa tun kafin kulle. Raina ya ɓaci. Na ɗebo ƙasa na kwaɓa, na ɗauko dutse. Sai na ji muryar tsohuwar daga bayan katanga, ta tsufa amma ban manta ta ba: "Ajuji, ka bar su mana, ai yara ne." Yara ne! To ni a lokacin ɗan akuya ne? Na buɗe baki in mayar mata da maganarta ta ranar Laraba, ɗaya bayan ɗaya, don na haddace ta. Ummi ta ɗago kai, fuska duk ƙasa, ta nuna mini murfin ta ce, "Baba, nawa ne." Na ajiye dutsen, na je na ɗauko sabulu da buta na jira su gama.

Yanzu Ummi na makaranta, ita da yaron suke tafiya, ba ta rufe baki tun daga gida har aji. In na ga sun wuce nakan tuna da bijimin lakata, in yi tunanin irin abotar da za mu yi da Sale da an bar mu. Iya Tabawa ta rasu ba ta nemi gafarata ba, ni ma ban ce na yafe ba. Rariyar dai tana nan a buɗe.