Tsohon Magini da Kyanwar da Kanta Ya Karkace

Maƙwabcina tsohon magini ne, kuma in ana neman mai taurin kai, a tsaya a ƙofarsa. Shi ya gina katangar da ta raba gidajenmu, kuma har gobe in na jingina tsintsiya da ita sai ya leƙo ya ce ina ɓata masa filasta. Matarsa ta rasu da daɗewa. Ɗansa ɗaya tilo yana aiki a wani gari mai nisa, sai dai waya jefi-jefi. Abin da ya rage masa a gidan nan kyanwa ce, wata baƙa da ta tsufa har gashin bakinta ya yi furfura. Da ita yake hira, da ita yake faɗa, ni kuwa ina jin komai daga kan keken ɗinkina.

Wata safiya kyanwar ta tashi kai a karkace. In ta yi taku sai ta faɗi gefen hagu, ta miƙe, ta sake faɗuwa. Kun san abin da bawan Allahn nan ya yi? Ya ɗauko ma'auninsa na gini ya bi daɓen ɗakin lungu-lungu, wai ƙasa ce ta zauna. Har siminti ya kwaɓa ya cike wani gurbi da shi kaɗai ke ganinsa. Da ya ga daɓe ya miƙe sambal amma kyanwa na nan tana zagaye wuri ɗaya, sai ya ajiye ma'aunin. A ranar ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, abin da bai taɓa yi ba, ya ce in taimaka in riƙe masa kwandon da ya saka kyanwar zuwa asibitin dabbobi.

Likitar, wata mace mai sanyin magana, ba ta ɓoye masa ba. Ta ce irin wannan jirin a tsohuwar kyanwa, ko dai daga can cikin kunne yake, ko daga ƙwaƙwalwa. Na kunne yakan lafa. Na ƙwaƙwalwa kuwa, ta ce sai dai mu zauna mu yi wata maganar daban. Tsoho ya cire hularsa ya riƙe da hannu biyu. Wallahi tausayinsa ya kama ni, duk da abin da ya sha yi mini.

Likitar ta sauke kyanwar ƙasa ta kalli tafiyarta. Ta haska mata ido, muka ga ƙwayar idon na rawa daga gefe zuwa gefe. Ta leƙa kunnuwan. Sannan ta ɗora ta a kan tebur ta kama ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, tana lanƙwasa kowace ta ɗora bayan ƙafar a kan teburin, ta ce in kyanwar ta san inda ƙafarta take, za ta gyara ta nan take. Uku suka koma daidai. Ta huɗun ta ɗan jima a lanƙwashe, sai ga shi kyanwar ta fizge ta ta kai wa likita karta. Likitar ta yi dariya ta ce alamu duk sun fi karkata ga kunne, amma za a duba jini, a dawo da ita a sake gani. Kan dai mai yiwuwa ya zauna a karkace har ƙarshen rayuwarta.

Muna fitowa baranda ya zauna a benci ya lalubo waya. Murna ta cika shi, dole ya faɗa wa wani, ni kuma ai ina wurin aka yi komai. Ya kira ɗansa, ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji.

"Likita ta ce kunne ne. Kyanwar za ta tashi."

Ana jin hayaniyar ofis ta cikin wayar, sai ɗan ya ce:

"Wace kyanwa, Baba?"

Tsoho ya ce ba komai, a gaida yara. Ya mayar da wayar aljihu a hankali, ni kuma na kau da kai kamar ina duba masu wucewa. Can sai ya jawo kwandon daga hannuna, ya ɗaga murfin, ya sunkuya.

"Kin ji dai," ya ce mata ƙasa-ƙasa. "Kunne ne. Tashi mu tafi gida."