Yadda Na Yi Wa Ɗakinmu Talla

Mai gidan da muke haya a Zuru manomi ne daga Manga, dattijo marar yawan magana. Wata safiya cikin damina ya tsaya a tsakar gida, ya ce da ni da maƙwabcina, "Idan kaka ta zo, ku ba ni ɗakunana." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ni na gane sarai. Dawa ta yi daraja, gara ya jibge buhuna da ya ajiye mutane. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni, malamin firamare, da mata da 'ya'ya uku, a ce buhu ya fi ni! Kuma ba mu da inda za mu nufa. Gidajen nan masu sauƙin kuɗi da ake ta cewa za a gina wa ma'aikata, sau biyu ina cike fom. Hoton da na manna a na farko gashina baƙi ne wuluk, yanzu kuwa Baba ɗalibai ke kirana.

Maƙwabcina Ibo ne, mai sayar da kayan babur, ya daɗe a garin, Hausarsa ta ciniki ta fi tawa. Sai na ga hankalinsa kwance.

"Malam, kada ka damu," in ji shi. "Tsofaffi suna da tausayi. Za mu je mu roƙe ta."

"Wa za mu roƙa?"

"Kakar mana!"

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce lokacin girbi ake nufi, ba wata tsohuwa ba. Ya ce ni boko na karanta, shi mutane ya karanta. Ranar Asabar ya sayi atamfa da gwangwanin madara, ya ce in hau bayan babur. Na hau don in sha kallo.

Ai kuwa akwai tsohuwa a Manga, uwar mai gidan, kakar yaransa, tana zaune tana ɓare gyaɗa. Hausarta kaɗan ce, mu kuma ba ma jin yarensu na C'lela, sai surukarta ta yi mana tafinta. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta aika aka kira ɗanta daga gona. Mutum da furfurarsa ya durƙusa, ta wanke shi tas: hannunsa ne ya karye da ba zai gina wa dawarsa rumbu ba?

Da nan muka tsaya da shi ke nan. Amma tsohuwa ta tambayi me ke cikin ɗakunan nan da muke kuka a kansu, ni kuwa bakina ba ya da linzami. Na zayyana mata: daɓen siminti, rijiya a ƙofar ɗakina, asibiti taku kaɗan. Tana ta gyaɗa kai, ni ina ta ƙarawa.

Bayan sati biyu mai gida ya zo, kansa a ƙasa. Dawa ba za ta shigo ba. Sai dai ƙafa na damun tsohuwa, tana son zama kusa da asibiti, kuma ɗakin bakin rijiya take so. Garin gyaran gira an rasa ido. Maƙwabcina ya rantse shi zai tashi, na ce ya rufa mini asiri ya zauna, ba shi ya yi tallar ba. Da ƙyar wan matata ya ara mana wani ɗaki a bayan gari.

Ranar da muka ɗora kaya a amalanke aka kawo tsohuwar. Matata, wadda ta kwana uku ba ta ce mini uffan ba, ta share ɗakin, ta kama hannun tsohuwa ta nuna mata kusurwar da rufi ke yoyo. Sannan ta sauko da babbar robarmu daga amalanke ta ajiye a wurin. Na buɗe baki zan yi faɗa, don ita kaɗai muke da ita, sai na ga idon matata ya cika da hawaye.

"Bar mata," in ji ta. "Can inda za mu, ban ma san ta inda yake yoyo ba tukuna."