Sojan Baba Yakubu Yana Jiran Ƙasar Gida

Baba Yakubu ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsugune a ƙofar gida ina wanke babur. 'Yarsa Ladi ce ta kira. Ko gaisuwa ba ta iya yi ba, sai cewa ta yi, "Kawu Audu, Baba ya tafi." Na ce ya tafi ina? Ku ji wauta. Mutumin da ko bakin layinsu a Trikania ba ya iya kaiwa sai da sanda.

Tun ɗazu nake riƙe da wayar nan, in rubuta in goge. Na gaji, jama'a. Na gaji da sa hoton mutanena a shafin nan ina rubuta ta'aziyya a ƙasa.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon nan da nake yawan sa hoton 'yan sojojinsa, ku kuma kuna min kwament wai mun tsufa da wasan yara.

Shi ne ogana a sashen rini, tun masaƙa tana masaƙa. Ba a daɗe da komawa mulkin farar hula ba aka rufe ta, kowa ya kama gabansa. Wasu acaɓa, wasu gadi, wasu ƙauye. Shi kuwa sai ya jawo wani akwati da wani injiniya Bature ya bar masa, cike da 'yan sojojin dalma, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ya ce da zaman tagumi gara a yi musu fenti. Yakan ce, "Soja sun koma bariki, mu mun tara namu a falo."

Duk Asabar muna can. Tsohuwar ƙofa ce teburinmu, a ɗora ta kan durom biyu, a shimfiɗa koren yadi. Tef ɗin tela na auna tafiyar runduna, dayis ɗin ludo ke yanke hukuncin wa ya faɗi. Abokin karawarsa Alhaji Sani ne, mai shagon fenti a Tudun Wada, janar ɗin da bai taɓa cin yaƙi ba kuma bai taɓa yarda laifinsa ne ba. Kullum dayis ne da laifi. Ko lokacin da gari ya yi zafi mutane suka daina shiga unguwar juna, Alhaji bai fasa zuwa a ci shi da yaƙi ba.

Sojan farko da na fenta, idanunsa sun fito kamar na kwaɗo. Baba ya ɗaga shi ya duba, ya duba, ya ce, "Audu, wannan ya ga abin da ya fi ƙarfinsa." Bai goge ba, bai gyara ba. A sahun gaba ya sa shi, har yau yana nan.

Haka yake. Bai taɓa bin bayan aikina ya sake shi ba.

Da matata ta kwanta asibiti, sai ga shi da fulas ɗin kunu da buroshi guda a aljihu. Ya ce in riƙe, zaman jinya yana son aikin hannu.

Amma abin da ba ya wasa da shi shi ne ƙasan ƙafar soja. A wurinsa, ko ka yi fenti mai kyau kamar me, soja bai kammala ba sai ya taka ƙasa. Tsoffin kwabbai da aka daina karɓa muke liƙa sojojin a kai. A shafa gam ɗin kafinta, a barbaɗa ƙasa, a bari ta bushe, sannan a yayyafa dusar katako da ya rina kore ta zama ciyawa. Kuma ba kowace ƙasa ba. Sojan sahara yashin bakin kogi yake samu, wanda aka tankaɗe da rariya. Sojan Rum jar ƙasa. In ka haɗa su, ranar ka shiga uku, har yamma ba za ka huta da lacca ba.

Soja ɗaya ne kawai yake tsaye a kan kwabo tsirara.

Mahaifinsa ne. Tsohon ya je yaƙin Bama zamanin Turawa ya dawo, ya rasu Baba yana ƙarami, ko hoto bai bari ba. Sai Baba ya ɗauki ɗaya cikin sojojin nan ya yi masa kaki da gajeren wando da faffaɗar hula, ya aske buroshi har ya zama gashi kaɗan, ya zana masa tsagar fuska yadda mahaifiyarsa ta taɓa kwatanta masa. Wallahi ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Amma ya ƙi sa masa ƙasa.

Na ce, "Baba, ƙasa ai ƙasa ce. Ga ta nan cike da gwangwani, wa zai gane?"

Ya ce, "Wannan ya gaji da taka ƙasar mutane. Sai ta gida."

Gida kuwa wani ƙauye ne can Filato, bayan dutse. Alhaji ya ce zai sa direba ya ɗebo masa ko buhu ne. Baba ya ce a'a, da hannunsa zai ɗebo. Daga nan sai bayan damina. Sai hanya ta yi kyau. Sai an daina tare mutane. Sai ƙafa ta yi sauƙi. Shekaru suka yi ta tafiya, sojan nan yana tsaye saman kabad, ba ya shiga yaƙi, don dokar teburinmu ita ce wanda bai taka ƙasa ba ba ya fita fage. Baba ne ya kafa dokar, kuma ita ta kama shi.

Asabar ɗin da ta wuce ita ce ganinmu na ƙarshe. Ba a yi wasa ba. Baba ya gwada zana bel ɗin wani soja, fenti ya zarce har ciki. Ya ajiye buroshin, ya daɗe yana kallon hannunsa. Ni kuma na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Da zan tafi ya ce in sauko masa da sojan tsohon nasa. Ya hure masa ƙura, ya ce, "Audu, in na je gida a tsaye, ni zan ɗebo. In a kwance na je, kai ka ɗebo."

Na ce, "Haba Baba, wace irin magana ce wannan?" Ya yi dariya ya ce in gaida madam.

Ɗazu na je gidan. Kafin in isa har wasu dangi sun fara maganar a kwashe tarkacen nan a raba wa yara, wata ma cewa ta yi a zubar, ita ba ta son ganin gumaka a gidan makoki. Ban yi musu da kowa ba, ba ni da ƙarfin musu yau. Ladi ce ta ja ni gefe, ta kwance bakin zaninta, ta miƙo min sojan nan mai tsagar fuska. Ta ce, "Kawu, sauran na kulle su a ɗaki. Wannan kuwa Baba ya ce kai ka san aikinsa."

Yana aljihun rigata yanzu da nake wannan rubutu.

Jibi za a kai Baba gida. Gaskiya ina tsoron hanyar nan. Amma Alhaji ya kira ni, ya ce motarsa za mu bi. Sai ya ƙara da cewa, "Ka nemo gwangwani mai murfi."

Na nemo. In an gama rufe Baba, zan ɗebi kaɗan daga gefen kabarin. Cikin cokali ɗaya ma ya isa. Uba zai tsaya a kan ƙasar da ɗansa yake kwance, kuma ranar Asabar zai fita fage karo na farko. Ko Alhaji ne zai ja shi, na yarda.

Allah ya ba Baba Yakubu hutawa, ya yafe masa kurakuransa, ya ba Ladi da 'yan'uwanta haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta wannan, har da masu yi mana dariya, ya sa shi a addu'a ta hanyar da ya sani. Mu ma ku roƙa mana Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu da ƙasar nan.