Kujerar da na saya wa Inna

Ko zan manta komai a rayuwata, ranar da kujera ta riƙe mahaifiyata ba za ta fita a raina ba.

Shekara biyu na yi ina roƙon Inna ta baro Wushishi ta dawo wurina a Tudun Fulani, saboda ciwon gwiwa ya sa ta a gaba. Da ƙyar ta yarda. Ni kuwa, da yake Allah ya yi ni da son a sani, na je wurin masu kujeru na zaɓo mata kushin mai zaman mutum uku, irin mai laushin nan da kana zama za ka nutse. Matata ta ce, "Wannan ta falo ce. Kujera mai tauri tsohuwa take so, mai hannun katako da za ta dafa." Na ce uwata ba za ta zauna a kan katako a gidana ba.

Kwananta huɗu da zuwa, na dawo daga aiki bayan azahar, matata tana makarantar da take koyarwa. Na yi sallama sau uku, shiru. Da na ɗaga labulen ɗakinta sai na gan ta a nutse cikin kujerar, ta zame gefe guda, ƙafafunta ba su kai ƙasa ba, sandarta ta faɗi can nesa. Gumi ya jiƙa mata fuska. Tun hantsi take kokawar tashi.

Na yi kanta da gudu, ta ɗaga mini hannu.

"Tsaya nan. Kada ka matso."

"Inna, bari in ɗaga ki."

"Na ce ka tsaya! Kira mini mace."

Sai a lokacin na lura zaninta a jiƙe yake. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta taɓa faɗa ba saboda kunya, yau ga abin da na gani. Na fita, na buga ƙofar maƙwabciyarmu mai sayar da doya, wadda ba Bahaushiya ba ce, Hausarta ta zaman gari ce. Ta shiga, ni ina tsaye a tsakar gida kamar an dasa ni. Ina jin ta tana cewa, "Mama, ka riƙe wuyana. Ba komai, ni ma 'yarka ne."

Bayan Inna ta yi wanka ta rama sallarta, ta kira ni. A kan tabarma na same ta, ba ta ko dube ni ba.

"Gobe ka mai da ni gida."

Na durƙusa, na ba ta haƙuri, na ce yanzun nan za a fitar da kujerar. A yammacin aka kai ta falo, aka kawo mai hannun katako. Inna ta ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma idon da ya gan ni haka, ba zan iya kwana ina tashi a gabansa ba."

Washegari na tuƙa ta zuwa Wushishi. Har Allah ya karɓi abarsa ba ta sake kwana a gidana ba, ni nake zuwa duk Juma'a.

Na yi kuka, kuma na koyi darasi: in za ka kyautata wa mutum, dubi jikinsa da halinsa tukuna. Ni idon baƙi na saya wa kujera, uwata ta biya da mutuncinta.