Ranar da Kwamfuta Ta Manta da Idonta

Ni ban yi boko ba, amma na yi zaman ofis. Da 'yar farina ta gama wankan jego ta koma aikinta a Daura, ni nake bin ta da jaririn. Kullum mu taso daga Sandamu, ita ta shige ciki, ni in shimfiɗa tabarma a baranda, daidai tagar da ke kallon teburinta. Sunanta ba na faɗa, doguwar magana ma ba ma yi. Haka muka taso a kan ɗan fari. In ina da abin gaya mata, sai in gaya wa jaririn tana ji.

Ta tagar nan na gane idonta ya yi rauni tun bayan haihuwa. Baƙaƙen da ke fuskar kwamfutarta manya ne, sun ninka na maƙwabciyarta. Ba ta gaya wa kowa ba. Ba a tabbatar da ita a aikin ba tukuna, tana tsoron in oga ya sani zai ce ta je ta huta, ya ɗauki wata.

Ashe kwamfutocin nan ba su riƙe komai a cikinsu. Akwai wata babba a Katsina, ita ke ajiye yadda aka tsara wa kowa tasa. Mutum ya zauna, ya buga sunansa, sai ta aiko masa da kayansa yadda ya bar su. Da na ji 'yar tawa tana yi wa mijinta bayani, na ce a raina, gida guda kenan sito ɗaya, makulli kuma a aljihun matafiyi.

Wata safiya babbar kwamfutar ta Katsina ta tsaya. Na ofis sun kunnu, amma kowace ta fito kamar sabuwa, ba ta san mai ita ba. Baƙaƙe sun koma kamar ƙwayar gero, wurin gyarawa kuma a kulle, don daga can ake juya shi. Oga ya ce a ci gaba da buga takardu haka nan. Ina kallonta tana matsawa har hancinta ya kusa taɓa gilashin, idon yana ruwa. Can ta fito wai za ta ba yaro nono, alhali barci yake yi.

Na ce wa jaririn, “Maigida, ka ce wa uwarka ta share ido, mutane na kallo.”

Na kuma lura ogan da kansa bai jima ba ya fita, wai ciwon kai.

Abin ya maimaitu, sai aka turo mai gyara daga Katsina, wani magidanci mai furfura a gemu. Aka ce dole ya buɗe tsarin kowa ya duba. Ranar 'yar tawa ko abincin da na kawo ba ta taɓa ba. Da ya fito alwalar azahar na miƙa masa buta, na tambaye shi me yake yi a ciki. Ya ce guzuri yake ɗaura wa kowace kwamfuta, ta riƙe kwafin tsarin mai ita, in ta Katsina ta tsaya ta ci nata har waccan ta dawo.

Na ce, “Abin da ka gani kuma, wa kake kai wa?”

Ya dube ni, ya dubi tagar, ya yi murmushi. “Inna, abin da na tarar nake kwafewa, ba awon ido aka aiko ni ba. In kuwa don manyan baƙaƙe za a sallami mutum, daga can za a fara.” Ya nuna ƙofar oga da haɓa.

Ban yi dariya ba. Na karɓi butata.

Da ta Katsina ta sake tsayawa, na leƙa. Baƙaƙen suna nan da girmansu, ita kuma tana zaune a miƙe tana bugawa. A hanyar gida na ce wa jaririn ya gaya wa uwarsa za mu asibitin ido a yanka mata gilashi, don kafar allura ba ta da mai ƙara mata girma daga Katsina. Sai da muka wuce tasha, sannan ta gyara masa hula ta ce ya ce mini to.

Ranar da ta fara shiga ofis da gilashin, oga ya tsaya a gaban teburinta. Na miƙe da yaron a kafaɗa ina sauraro. Tambayarta yake yi a ina aka yanka mata, kuma ko akwai layi.