Wandon Bayan Ƙofa

Gwaggona ba ta ɗinka riga, ba ta ɗinka siket. Ƙafar wandon jins kawai take ragewa, a falonta, a kan tsohon keken ɗinki na takawa. Duk layinmu Mai Keke ake ce mata. Tana da 'yar guduma da take bubbuga kaurin ɗinkin gefe da ita kafin allura ta hau, don a cewarta jins mugun yadi ne, in ba ka lallaɓa shi ba sai ya karya maka allura.

Doka ɗaya gare ta, kuma ta sha jawo mata faɗa: ba ta karɓar awo da baki. Sai mai wando ya zo da kansa, ya saka, ya hau 'yar kujera da takalminsa, ita kuma ta durƙusa ta ja layi da alli. Ko kai wane ne.

Autanta ya tafi aiki nesa, wai shekara ɗaya zai yi. Shekaru suka yi ta wucewa. Yana kira, yana aike, amma zancen zuwa kullum sai "an kusa". Ni kam haushinsa nake ji, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Wata rana ya aiko da sabon wando ta hannun wani direba, sannan ya bugo waya.

"Umma, ki rage min ƙafar. Telolin nan ba su iya irin naki ba. Yatsa uku za ki cire."

"Yatsan wa? Nawa ko naka? Ka zo ka hau kujera."

"Haba Umma, har ni?"

"Har kai."

Ta rataye wandon a ƙusa bayan ƙofa. Takan sauko da shi ta kakkaɓe, ta mayar. Na ce mata, "Gwaggo, tsayinsa fa kin fi kowa sani."

Ta ce, "In na ɗinka, direba ne zai zo ya ɗauka."

Kewar ɗanta ce ke cinta, wandon nan kuma shi kaɗai ne abin da take riƙe da shi.

Sai idonta ya fara rauni. Da farko ni ke zura mata zare in na taso daga aiki, daga baya ko layin allin ba ta gani. Ta lulluɓe keken da zane, ta daina karɓar ɗinki. Wandon dai yana nan a ƙusa.

Ranar da Auta ya zo, da rana tsaka, har ya ajiye tumbi. Ko ruwa bai gama sha ba, ta ce ya je ya saka wandon nan. Wandon ya ƙi rufuwa a ƙugu, na yi masa dariya son raina. Ya hau kujerar haka nan. Gwaggo ta durƙusa da ƙyar, ta lalubo idon sawunsa ta riƙe da hannu biyu. Alli yana gefenta, ba ta ko neme shi ba.

Can ya ce, "Umma, kin gama?"

Ta ce, "Tsaya mana. Ban gama awo ba."